Teburin sababbin shiga: yadda aikin ƙaramin layin dogonmu yake tafiya

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

A taron daren Alhamis, kulob ɗinmu na masu harhaɗa ƙananan jiragen ƙasa, nan tsakiyar jihar Mishigan a Amurka, ya amince a gina wani tebur na daban domin baƙin da ke zuwa mana a ƙarshen shekara. Tunda ni na kawo maganar, ni aka ce in ja ragamar aikin. Zan riƙa rubuta inda aka kwana, ko don 'yan'uwa da ke yawan tambayata abin da nake yi a ɗakin ƙasa duk ranar Asabar.

Ga wanda bai taɓa gani ba, sha'awa ce ta gina layin dogo ƙarami a kan tebur, da tashoshinsa da gadojinsa da tsaunukansa, komai an rage shi da ma'auni ɗaya, jirgin kuma yana tafiya da wutar lantarkin da ke bi ta cikin dogon. Babban shimfiɗin kulob ɗinmu na ma'aunin HO ne, wato an rage kowane abu sau 87, tazarar da ke tsakanin dogayen biyu kuma milimita 16.5. An shafe shekaru ana gina shi, kuma ya yi kyau ƙwarai. Sai dai don manya aka yi shi. Tsayinsa ya kai ƙirjin babban mutum, an kewaye shi da igiya, ko'ina ga takardar "kar a taɓa".

Kowace shekara daga ƙarshen Nuwamba zauren kan cika da iyaye da yara, kuma abin da yaran ke fara tambaya shi ne ina jirgin The Polar Express, wani fim na Kirsimeti na yara. Mu kuwa ba mu da shi. Sai uba ya ɗora yaro a kafaɗa ya kalli dogon jirgin kaya yana wucewa, a tafi gida. Janairu na kamawa ba ka ƙara ganin ƙeyar kowa. Mu da muka rage, yawancinmu furfura ta cim mana.

Tsarin da na gabatar kashi biyu ne. Daga baya, tebur mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, an lulluɓe shi da dusar ƙanƙara, jirgin fim ɗin yana zagayawa. Daga gaba, a daidai tsayin cikin yaro ɗan shekara bakwai, wani siririn allo mai layukan gefe uku, inda baƙo zai riƙe rimot da hannunsa ya jera taragu. Na baya shi zai kira su, na gaba shi nake fata ya zaunar da su.

Alhamis, 10 ga Oktoba

An yi muhawara mai zafi yau, gara in rubuta ta tun ban manta ba. Wasu daga cikin dattawanmu ba su so a kawo jirgin fim ɗin cikin zauren ba. Hujjarsu ita ce kayan wasan yara ne: dogo uku gare shi alhali jirgin gaske biyu yake da su, kwanarsa ta yi tsanani, kuma an gajarta taragun don su iya shan kwanar. Wani tsohon ma'aikacin masana'antar mota, mutumin da nake girmamawa don a hannunsa na koyi like waya da dalma, ya ce ya kwashe shekaru yana fama da mutane su daina ce masa "mai wasa da jirgi", yanzu kuma za mu tabbatar musu da maganarsu.

Na fahimce shi, amma ban yarda ba. Na tambaye shi da wane jirgi ya fara. Ya ce Lionel ne mahaifinsa ya saya masa, yana zagaya bishiyar Kirsimeti. Aka bi ɗakin da tambayar ɗaya bayan ɗaya, kusan duk amsar ke nan. Kamfanin Lionel tun 1900 Joshua Lionel Cowen ya kafa shi, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu jirginsa ya zama kyautar da yaron Amurka ke kwana yana mafarkinta. Ta wannan ƙofar dattawan nan suka shigo. Abin da ya canza shi ne a zamaninsu yaro yana ganin jirgin gaske kullum a garinsu, danginsa suna hawa, wani kawunsa ma a can yake aiki. Yaron yau a mota yake tashi, a mota yake kwana. Da yawansu jirgi mai tururi na farko da suka taɓa gani a talabijin ne, a cikin wannan fim, wanda ake maimaitawa duk Disamba.

Fim ɗin ya fito a Nuwamban 2004. Robert Zemeckis ne ya ba da umarni, Tom Hanks ya fito a matsayi da dama, ciki har da kwandasta. An gina shi ne a kan littafin yara na Chris Van Allsburg da aka buga a 1985. Lionel ya fitar da jirgin fim ɗin a ma'aunin O, wanda aka rage sau 48, kuma har yau, shekara ashirin ke nan, bai daina fitar da shi ba. Masu kantunan wannan sana'a da na sani duk sun shaida cewa shi ne ke fita da sauri idan sanyi ya kama. Wanda ya kalli fim ɗin yana ɗan shekara shida a 2004 yanzu yana da 26, wani ma ya haihu. Su ne ke tura keken jarirai cikin zaurenmu. Raina abin da ya kawo su raina su ne.

An tashi a kan za a yi, amma teburin ba zai taɓa babban shimfiɗin ba, kuma a kwashe shi bayan biki idan bai yi amfani ba. Na karɓa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Aikin kafinta. Mun yi firam da katako, muka ɗora filawud mai kaurin rabin inci, sannan allon kumfa mai tauri, irin wanda ake sa wa bangon gida don tare sanyi, mai kaurin inci biyu. Kumfar tana rage ƙara, kuma ana iya yanka ta da wuƙa a fitar da kwari ko tafki. An raba teburin gida biyu da noti a tsakiya don ya iya fita ta ƙofar ɗakin ƙasa. Filawud ɗin farko da aka kawo ya ɗan lanƙwashe a gefe ɗaya, aka mayar aka canzo.

Wani ɗan kulob ya ba da aron jirgin jikansa, wanda ya girma ya bar shi a kwali. Kan jirgi, taragon kwal, taragun fasinja uku. Komai na aiki.

Asabar, 2 ga Nuwamba

An shimfiɗa dogon baya. Mun yi amfani da FasTrack na Lionel, wanda tsakuwarsa ta roba ce haɗe da dogon, ana danna guntu cikin guntu. Zagayen da ke zuwa a kwali bai wuce inci 40 da 60 ba, sai muka ƙara miƙaƙƙun guntaye har ya cika teburin, muka sa mararraba biyu da layin gefe guda a gaban tasha. Da gangan na sa layin gefen. Ina so uban da ya sayi jirgin nan ya gani da idonsa cewa da mararraba biyu da 'yan guntaye, zagayensa na gida ya zama wurin da jirgi ke tsayawa, ya ba wani hanya, ya sauke fasinja.

Dogo ukun da ake yi wa gori kuwa, a wurin sabon shiga rahama ne. Na tsakiya shi ke ɗauke da wuta, na gefe biyun kuma su ke mayar da ita. Saboda haka duk yadda mutum ya juya layinsa, ko da ya yi madauki ya dawo kan kansa, wuta ba za ta haɗe ba. A tsarin dogo biyu irin na HO, dogon dama da na hagu kowanne da nasa ɓangaren wutar, kuma ranar da sabon shiga ya yi irin wannan madaukin, dama ta haɗu da hagu, komai ya tsaya cik, shi kuma bai san dalili ba. Mutane da yawa a nan suke ajiye abin.

Na auna ƙarfin wutar da mita: bolt 18 a kusa da inda wuta ke shiga, amma a can ƙarshen teburin ta ɗan ragu, don kowace mahaɗar guntu biyu tana cin nata. Na ja wayoyi biyu masu kauri ta ƙarƙashin tebur, na ba dogon wuta a wurare huɗu. Yanzu fitilun taragun ba sa lumshewa idan jirgin ya yi nisa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau ne aka yi ɓangaren da ya fi tsaya mini a rai, wato allon gaba. Tsawonsa ƙafa 6, faɗinsa ƙafa ɗaya, a ma'aunin HO. Tsarin ba nawa ba ne. Wani Baturen Ingila, Alan Wright, shi ya shahara da shi, ana kiransa Inglenook. Layi ɗaya ne ya rabu uku. Reshe ɗaya yana ɗaukar tarago biyar, sauran biyun uku-uku. Wutsiyar layin, inda kan jirgi ke ja da baya, ba ta ɗaukar fiye da kan jirgin da tarago uku. Ana zuba taragu takwas a rassan yadda suka faɗa, a zaro kati biyar daga cikin takwas, kowane kati da hoton tarago ɗaya, sai a ce wa mai wasa ya jera waɗannan biyar ɗin a dogon reshe bisa jerin da katunan suka fito. Jerin da za su iya fitowa 6,720 ne, 8 sau 7 sau 6 sau 5 sau 4. Ƙanƙantar wutsiyar ita ce gishirin wasan, don dole mutum ya ajiye tarago nan, ya koma ya ɗauko wancan, ya tuna abin da ya toshe da wanda ya ajiye.

Wannan fa shi ne ainihin aikin da ma'aikatan jirgin kaya ke yi a tashoshin kaya. Yaron da ya yi shi sau ɗaya ya daina kallon jirgi a matsayin abin da ke zagaye kawai.

Don ƙananan yara na yanka wasu 'yan katakai da za a toshe ƙarshen rassan, su koma uku, biyu, biyu, da taragu biyar, a jera uku. Wannan jeri 60 ne kawai, kuma ana gamawa kafin haƙurin yaro ya ƙare.

Sauran yinin a kan taragun ya tafi. Tarago mara nauyi shi ke sauka daga dogo a mararraba, kuma ba abin da ke kashe wa baƙo gwiwa kamar ya taɓa rimot abu ya faɗi, ya ɗauka shi ya ɓata. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta ba da ma'auni ga HO: oza ɗaya, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawon tarago. Taragunmu inci shida-shida ne, ke nan oza huɗu kowanne. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kan sikelin kicin, na manna kwabban Amurka a ciki, daidai saman ƙafafun, har allura ta kai. Ƙugiyoyin haɗa taragu duk na mayar da su na ƙarfe na kamfanin Kadee, na daidaita tsayinsu da ma'auni, don ko kaɗan ɗaya ta fi ɗaya tsawo za su rabu a hanya. Raba su kuwa da tsinken tsire ake yi: a zura bakinsa tsakanin ƙugiyoyin biyu, a ɗan murza, su saki juna. Na sayo ƙunshi guda, don na san za su ɓace.

Na kuma rage gudun kan jirgin daga cikin na'urar sarrafawa, ta yadda ko yaro ya murɗa har ƙarshe, tafiyar ba za ta wuce ta mai takawa a ƙasa ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Dusar ƙanƙara. An shafe kumfar da farin fenti, aka yi tuddai da ragowarta, aka lulluɓe da yadin filasta. A saman aka barbaɗa garin ƙanƙara na kanti, aka fesa masa gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi, da ɗigon sabulun wanke-wanke don ya ratsa. Wata 'yar kulob ta kawo shawarar a zuba ɗan shuɗi kaɗan a fentin kwaruruka, kuma nan take wurin ya yi sanyi a ido. Duk garin da bai kama ba mun zuƙe shi da injin shara, don idan ya shiga giyar jirgi aiki ya dawo sabo.

Mun kafa gilashin roba mai tsayin tafin hannu a bakin teburin baya. Allon gaba ba a sa masa komai ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Buɗe ƙofa na farko, kwana biyu bayan bikin godiya na Amurkawa. Zaure ya cika tun kafin azahar. Kamar yadda aka zata, yara suna shigowa suke yin kan teburin baya, wasu cikin kayan barci irin na yaran fim ɗin, iyaye suna ɗaukar hoto. Ana danna busa a rimot sai ihu.

Abin da nake jira ya zo ne a hankali. Wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba ta gaji da kallon zagaye, ta juyo ta ga taragun gaba a tsaye. Ta ɗora hannayenta a baya, alamar an gargaɗe ta tun daga mota. Na miƙa mata rimot da kati uku. Ta kalli mahaifinta, ya ɗaga mata kai. Na farko ta ɗauko shi lafiya. Na biyu yana bayan wani tarago ja da ba ya cikin katinta. Ta tsaya, ta ciji leɓe, ta miƙa hannu za ta ɗaga jan ta ajiye gefe. Na ce mata a tashar gaske ba mai iya ɗaga tarago da hannu. Ta janye hannun. Ta daɗe tana bin rassan da yatsa a iska ba tare da ta taɓa ba, sannan ta ja jan baya, ta juya mararraba, ta tura shi reshen da ba kowa, ta zura tsinke, ta murza. Ƙugiya ta saki. Ba ta yi murmushi ba ma, ta koma kan na biyun kai tsaye. Da ta gama ta ce a ba ta katin manya.

Mahaifinta ya tambayi nawa irin wannan allon zai ci. Na nuna masa: mararraba biyu, 'yan guntayen dogo, kan jirgi ɗaya, taragu na hannu da ake samu da arha a kasuwar masu sha'awa, da katakon da zai iya zama a kan kanta. Ya ɗauki hoton ƙarƙashin allon, inda wayoyi suke. Wanda ya ɗauki hoton ƙarƙashi, a ganina, ya fi wanda ya ɗauki na sama kusa da dawowa.

Dattijon da ya yi adawa da teburin ya zo ya tsaya daga nesa. Can da layi ya yi tsawo na gan shi ya karɓi tsinke yana nuna wa wani yaro yadda ake murzawa.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ba aikin tebur yau. Na ɗauki wani abokina ɗan Maraɗi da ke aiki a nan, da ɗansa, muka tafi garin Owosso, nan Mishigan, don su ga jirgin da aka kwaikwaya a fim ɗin. Mu ba bikinmu ba ne Kirsimeti, amma yaron a makaranta aka nuna musu fim ɗin, tun daga ranar bai bar mahaifinsa ya huta ba.

Kan jirgin shi ne Pere Marquette mai lamba 1225. Masana'antar Lima da ke jihar Ohayo ta ƙera shi a 1941. Tsarin ƙafafunsa 2-8-4 ne: ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu ja, huɗu a baya suna ɗauke da murhu. Kaya ya yi ta ja a Mishigan lokacin yaƙi da bayansa, shekara goma kacal, aka ajiye shi a 1951 da injinan dizal suka karɓe aiki. A 1957 aka kai shi harabar Jami'ar Jihar Mishigan da ke East Lansing aka girke don kallo. A nan marubucin littafin, wanda ɗan Grand Rapids ne, ya riƙa ganinsa yana yaro. Ɗaliban jami'ar ne suka fara gyara shi, a 1983 aka mayar da shi Owosso, kuma yanzu cibiyar Steam Railroading Institute ke kula da shi. Masu fim sun yi amfani da zanen ƙirarsa, sun kuma naɗi sautinsa. Lambarsa ta dace da yadda Amurkawa ke rubuta ranar Kirsimeti, wata 12, rana 25. Duk ƙarshen shekara yana jan fasinja daga Owosso zuwa ƙauyen Ashley, tikiti kuma tun da wuri yake ƙarewa. Mu a gefen layi muka tsaya tare da jama'a.

Manyan ƙafafunsa inci 69 ne, sun kai tsayin mutum. Da ya taso, ƙasa ta riƙa rawa a ƙarƙashin takalmanmu, ƙurar kwal tana sauka a kan hulunanmu. Yaron ya toshe kunne amma ya ƙi ja da baya. Ya ce, "Kawu, ashe da gaske akwai shi?" Na ce da gaske. Ya ce, "To me ke tura wancan ƙarfen gaba da baya?" A hanyar dawowa bayanin tururi da fistin muka yi ta yi.

Mahaifinsa ya tuna mini cewa mu ma haka muka fara, ba tare da kanti ba. A Zariya, inda na tashi, unguwarmu ba ta da nisa da tasha, kuma muna yin jirgi da gwangwanayen madara da waya da murafun kwalba, mu ja shi da zare. Ya ce, "Malam, in ka gama da ƙanƙarar nan sai ka gina mana tashar gida." Abin yana yiwuwa. Layin da ya isa Kano a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, idan aka rage sau 87 ya zo kusan milimita 12, kuma ana sayar da dogo mai wannan faɗin. Kan jirgi da taragu ne sai mutum ya ƙera da kansa. Na rubuta a bayan littafina.

Asabar, 14 ga Disamba

Buɗe ƙofa na biyu. Ana tsakar kallo jirgin baya ya tsaya, fitilar taransifoma tana ƙyaftawa. Muka bi dogon da tocila. Wata siririyar ƙugiyar ƙarfe ce ta rataye ado, ta faɗo daga ƙaramar bishiyar da aka kafa a tsakiya, ta kwanta tsakanin dogon tsakiya da na gefe. Na bar yaran suka taru, na nuna musu, na ɗage ta da tsinke, jirgi ya tashi. Iyaye da dama suka ce irin haka ta faru a gidansu bara, suka ɗauka jirgin ya mutu suka mayar kwali. Wannan ya sa muka yanke shawarar buɗe wurin gyara kyauta bayan biki.

An sa takarda a ƙofa ga mai son a kira shi a Janairu. Ta cika har an juya bayanta.

Asabar, 28 ga Disamba

Ranar gyara. Mutane suka riƙa shigowa rungume da kwalaye, wasu sababbi na kwana uku, wasu na shekarun baya da aka sauko da su daga saman silin. Ciwon kusan iri ɗaya ne, kuma ba daga ƙira yake ba. An shimfiɗa dogo a kan kafet, zaren kafet da gashin kyanwa sun naɗe a gatarin ƙafafu. Dogo ya yi baƙi da datti, wuta ba ta ratsawa, sai a goge da tsumma da sifirit. Wani ya goge nasa da soson ƙarfe, ɓurɓushin ya bi maganaɗisun injin jirgin ya manne. Masu matsalar na'urar da ke sa kan jirgin fitar da hayaƙi kuwa kashi biyu ne: waɗanda suka bar shi a kunne ba ruwan hayaƙi har lagwanin ya ƙone, da waɗanda suka tuttula ruwan har ya malala ciki. 'Yan ɗigo kaɗan yake so, in babu kuma a kashe makunninsa.

Dokar da na kafa wa masu gyaran ita ce kada su karɓi jirgi su juya baya. Mai jirgi shi zai riƙe sukundireba, mu mu faɗa masa inda zai sa. Ya fi cin lokaci, wasu 'yan kulob sun yi ƙorafi a kan haka. Amma wata uwa da ta buɗe cikin kan jirgin ɗanta da hannunta, ta zaro dunƙulen gashi da hantsaki, ta ɗiga mai a giya, ta ga ya tashi, ita ce ta fara tambayar kuɗin shiga kulob. Ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta taɓa zaton za ta iya ba.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An kwashe bishiyoyi a gari, fim ya bar talabijin. Wannan ne watan da muke rasa kowa. Daga cikin waɗanda suka rubuta suna, yawanci ba su amsa kira ba, kuma ban ga laifinsu ba, makaranta ta koma, aiki ya koma. Amma iyalai kaɗan sun zo, har da yarinyar katin manya da mahaifinta, wanda ya kawo allonsa a bayan mota, an riga an kafa mararraba ɗaya. Akwai kuma wani saurayi da ya zo shi kaɗai, ya ce tun yana ƙarami yake kallon fim ɗin, bana ne ya fara samun albashin da zai sayi jirgin da kansa.

Na lura babu wanda ya nufi teburin baya a cikinsu. Jirgin fim ɗin yana ta zagayensa, su suna durƙushe a gaba suna gardamar wane tarago za a fara ja.

Kulob ya amince teburin ya zauna. Dattijon nan ne ya kawo ƙudurin.

Asabar, 25 ga Janairu

Matsalar da ta taso ita ce ta wuri. Yawancin sababbin a gidajen haya suke, ba su da ɗakin ƙasa, kuma ma'aunin O yana cin fili. Mun tsayar da cewa aikin da za a ba su na gaba shi ne T-TRAK, tsarin da ya samo asali daga Japan, a ma'aunin N, wanda aka rage sau 160, tazarar dogonsa milimita 9. Kowa zai gina ɗan akwati mai faɗin milimita 308 da dogon kamfanin Kato a kai, ya ƙawata shi yadda yake so a teburin cin abincinsa, ran taro a jona na kowa da na kowa a yi dogon layi guda. Yau mun yanka katakon akwatuna goma sha biyu, an haɗa biyar da gam, sauran sai mako mai zuwa idan an ƙaro ƙarafan matse katako.

A allon gaba, mararraba ta biyu ta fara sakin wuta a bakin harshenta saboda yawan juyawa, zan ja mata waya ta ƙasa. Ƙugiyar tarago ɗaya ta lanƙwashe, an canza. Katunan sun yi laushi, za a buga sababbi a rufe su da leda. Teburin baya kuma za a ɗage rabin ƙanƙararsa ta gefen tasha a dasa ciyawa da wurin sauke hatsi, don a samu abin da jirgin kaya zai yi a kai daga nan zuwa Nuwamba. Ɗan abokina ya karɓi akwati ɗaya, ya ce jar ƙasa zai zuba a nasa da bishiyar kuka, ya kuma roƙi in nemo masa hoton tashar Kano. Na yi masa alkawarin kawowa ranar Asabar.